Waƙar Roƙon Ruwa a Cikin Kaka

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gabana aka yi ta.

Shekarar da aka turo wa sakandaren 'yan matanmu malamar kiɗa da waƙa, a gidana ta kama ɗaki. 'Yar Rijiyar Zaki ce, mai ladabi, amma ba ta san gona ba. Da yamma takan zauna kusa da ni ta ce, "Inna, ƙaro mini wata waƙa ta da." Na ba ta ta niƙa, na ba ta ta daɓe. Har wadda mu mata muke yi in damina ta yi gardama, mu fita bayan gari da ƙwarya muna roƙon ruwa, ita ma na ba ta. Ban ce mata tana da lokacinta ba. Wa ake gaya wa wannan?

Kaka ta zo. Gero a yanke kwance a gonaki, wake a shanye a ƙasa. Ran kasuwar Tsanyawa ina ɓarar gyaɗa sai na jiyo muryoyin aji guda daga makaranta, da kiɗan ƙwarya. Waƙar roƙon ruwa ce. Na ɗaga kai, ga hadari daga gabas, baƙi ƙirin.

Kafin in isa, maza sun cika bakin ƙofar makarantar. Maƙwabcina, wanda wakensa ya fi na kowa yawa a waje, shi ne a gaba.

"A fito mana da ita! Ruwa take kira mana a kan amfani?"

Malama ta fito ta ce, "Baba, darasi ne fa, jarrabawa za su yi."

"Jarrabawar za mu ci da rani?"

Liman ya ce, "Jama'a, ruwa na Allah ne, ba na ƙwarya ba."

"Gaskiya ne, Malam, amma kai naka yana rumbu." Maƙwabcin nawa ya nuna Malama da yatsa. "Ɗigo ɗaya ya sauka, ba za ta sake kwana a garin nan ba."

Iska ta taso, sanyinta ya bugo mu. Na shiga tsakaninsu na ce, "Baƙuwata ce, daga bakina ta ji waƙar. Kuna nan kuna nuna yatsa, waken zai kwashe kansa?" Na roƙi shugabar makaranta ta saki yaran. Suka bazu da ƙoren kiɗansu suna kwasa, Malama a cikinsu babu takalmi.

Ruwan ya sauka, mai yawa kuwa. Wake ya tsira, geron gonakin nesa ya jiƙe.

Ba wanda ya zo korarta, amma aka daina amsa gaisuwarta, iyaye suka hana 'ya'yansu shiga ajinta. Da zango ya ƙare ta nemi canji, ta koma birni, na ji tana koyarwa a can. Maƙwabcina ya ba dabbobi geronsa da ya tsiro, ya rasu ba mu shirya ba. Shugabar ta yi ritaya. Makarantar har yau ba a sake turo mata mai koyar da waƙa ba. Ni kuwa ga ni nan, ido ya tafi, ɗakin da ta zauna ma na zuba ƙaiƙayi a cikinsa.