Katunan Bulus da na hura gawayi da su

Jiya ina hura gawayin dutsen guga, sai na tuna ɗana Bulus.

Shekaru da yawa da suka wuce ina da shagon ɗinki a unguwar Abakpa, shi kuma yana koyar da lissafi a sakandare. Da yamma yakan tafi wani ofis mai kwamfuta, ran Lahadi yana coci yana karantar da Littafi Mai Tsarki. Ya koya wa kowa abu, ban da ni da ban taɓa shiga aji ba.

Wata rana ya ajiye kwali a shagona, cike da katuna masu huji-huji. Na ɗauka gara ce ta ci su, na hura wuta da kusan rabi.

Da ya dawo ya leƙa kwalin, sai ya juyo wajena.

"Baba, aikin wata uku ne. Da su nake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi."

"To wa ya ce ka ajiye min shara a shago?"

Ya tattara ragowar. "Ba komai, Baba. Ni ma kullum Ubangiji yafe min yake yi."

Da ya yi faɗa, da na samu bakin ba shi haƙuri. Bai yi ba.

Yanzu yana ƙasar waje. Duk Lahadi yana kira, mu yi maganar ciwon gwiwata, mu ajiye waya. Har yau ina cewa laifinsa ne. Amma ina so ya dawo ya yi min faɗan nan tun ina da rai.

Ku da kuka yi boko, ta ina uba ke fara irin wannan magana?