Lemun Tsami a Kan Lamba

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, agana ta shigo mana Illela da bazara. An fara jin labarinta daga ƙauyuka, kafin mako ya zagayo ta kwantar da mutum biyu a unguwarmu. A lokacin jakuna uku gare ni, ina kai goro Kwanni ina dawowa da kanwa. Matata ɗaya, 'yarmu ɗaya mai shekara huɗu. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Haka aka rene mu.

Mai shela ya zaga gari ya ce kowa ya fito ƙofar hakimi a yi masa lamba. Malamin lamba wani dogon Bakano ne mai farar riga. Yakan ɗan tsaga fatar damtse, ya ɗiga magani, ya ce kada a wanke, kada a shafa komai, zai dawo rana ta takwas ya duba. Wanda tasa ta kumbura ta yi ruwa, ta kama ke nan, agana ba ta da hanya a jikinsa.

Amma akwai dabarar da kowa ya sani. In ka matsa lemun tsami a wurin tun da ɗanyensa, lamba ba ta tashi, ka huta da kumburi da zazzaɓi. Tawa na bar ta, domin a bakin iyaka ana duba tabo kafin a bar mutum ya wuce da kaya. Yarinyar kuwa tun a layi take kuka, kuma ƙaninta zazzaɓi ne ya ɗauke shi da daminar da ta wuce. Da muka koma gida uwarta ta tafi rijiya, na ja ta bayan rumbu, na goge mata damtse da lemu, na ba ta dabino biyu na ce kada ta faɗa wa kowa.

Rana ta takwas muka koma layi, kowa ya naɗe hannun riga. Gabanmu kaɗan aka kama wani mahauci da busasshen damtse, dogari ya tsugunar da shi a rana, mata na yi masa dariya. Tawa ta kama, ta matata ma ta kama. Malamin ya riƙe hannun yarinyar, ya juya shi, ya sake juyawa. Ba komai sai ɗan zane.

"'Yar wa ce wannan?"

Na kau da kai. Wani baffana da ke bayana ya ce, "Ɗiyar fari ta wancan ce, malam. Ko za ka kwana kana tambaya ba ya amsa maka." Aka yi dariya.

"An shafa mata wani abu?"

"Ni dai ban shafa mata komi ba," in ji matata.

Sai ya matso kusa da ni ya rage murya. "Maigida, maganin da ya rage mini kaɗan ne, zafi na kashe shi, ga mutanen Amarawa suna jirana. In an goge, gaya mini in sake mata yanzu, ba zan haɗa ka da dogari ba. In ba a goge ba, mai yiwuwa jikinta ya riga ya san cutar, sai in bar wa wani."

Yarinyar ta ɗago kai tana kallona. Na dubi mahaucin a tsugune, na dubi baffana. In na amsa, gari zai ji na saɓa wa hukuma, ya kuma ji na ɓuya bayan rumbu ina lallashin 'yar fari.

Na ce, "Mi na sani game da ita? Tambayi uwatta."

Ya jima yana kallona, sannan ya saki hannunta ya kira na gaba.

Ba a yi wata ba zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku ƙuraje suka feso a fuska da tafin hannu. Duba-gari ya sa aka kai ta bukkokin da aka kafa wa masu agana a bayan gari. Uwarta ta bi ta, ta yi jinyarta kusan wata guda, ko ciwon kai bai same ta ba. Ni kullum nakan kai fura in ajiye a gindin wata aduwa, in ja baya in tsaya ina sauraro ko zan ji kuka, domin kuka shi ne shaidar tana da rai.

Ta rayu, amma idonta na dama ya tafi. Ranar da suka dawo gida ta nufi ɗaki, ta bugi gefen ƙofa da goshi, ta tsaya tana lalube. Uwarta ta zauna a kan turmi ta ce, "Wai jikinta ya san cutar. Allah ya isa tsakanina da malamin nan."

Na ce mata ta janye, ba shi da laifi. Na faɗa mata abin da na yi a bayan rumbu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, sadda malamin lamba ya tambaye ka, ni ka nuna mashi." Ta tashi ta kama hannun yarinyar ta shigar da ita ɗaki.