Faifan da Na Tsinta a But

Sana'ata sayen motoci a gwanjo, in gyara in sayar, kuma ƙa'idata ba na taɓa inji sai na leƙa but. A but ɗin wata tsohuwar mota da na jawo daga garin Pleasant Garden na tsinci faifan fim baƙi da fari, na zamanin da ba a sa murya. Ko dala biyu ba zai yi ba, sai na kai gida.

Lokacin Hajiya mahaifiyata ta zo daga Kano da niyyar wata uku, amma a sati na biyu ta ce in canza mata tikiti. Dalili ɗana ne mai shekara takwas. Tana ganinsa ta fara wasan kaka da jika, wai ga angonta, miji ba cefane, kai kamar tulu. Shi kuwa ba ya jin Hausa, sai uwarsa ta fassara masa tiryan-tiryan. Yaro ya ɗauka zagi ne, ya daina fitowa falo. Hajiya kuwa ta ce ba ta ga amfanin zama inda jika ba ya rama tsokana ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na sa faifan. Wani dogo ne mai kunnuwa fato-fato yake fama ya shigar da katifa ta taga, katifar tana cillo shi titi. Hajiya ta hau shi da faɗa, wai sakarai ba ya ganin ƙofa. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Yaro ya leƙo, ya ɗosana a hannun kujera, can sai ga shi a ƙasa yana birgima. Sau uku muka maimaita, tuwo ya kusa ƙonewa.

A bayan kwalin an rubuta cewa da murya ta shigo fim, kasuwar mutumin ta mutu. Na gaya wa Hajiya. Ta ce Allah sarki, dama baki shi ke yanka wuya.

Washegari ta fito da butarta, sai ga yaro a bayanta, filo a ka, hannu a ƙugu, yana kwaikwayon ɗingishin da ciwon gwiwa ke sa ta tsaf. Na miƙe zan tsawata masa.

"Kai, zauna," in ji ta. "Tsakanina da mijina ne."

Ta cire silifa ta bi shi, suka zagaye teburin sau biyu, gwiwar da take kuka da ita ko alama. Tana haki ta ce kada in taɓa tikitin, akwai sauran ramuwa.