Karnukana Biyu da Usur ɗin Soja

'Yan uwa, yau saura ƙiris a harbe mini karnuka a kan idona.

Tun da farin bana ya koro makiyaya bakin kogi a unguwarmu ta Gamkalley, mai unguwa ya yanke cewa duk karen da ya taɓa dabbarsu za a kashe shi. Saboda haka nake horar da Duna da Jatau su yi tafiya a igiya ɗaya, su zauna idan na busa usur ɗina na lakwal, wato makarantar da na koyar.

Da safen nan muka haɗu da wata tsohuwa tana jan tunkiyar da ta rage mata. Karnukan suka fizga, igiyar ta kuɓuce mini. Na busa, na sake busawa, ko waiwaye ba su yi ba. Tsohuwar ta rungume tunkiyarta tana salati.

Sojan da ke tsaron shingen hanya ya sauke bindiga daga kafaɗa. Sai ya fasa, ya busa nasa usur sau ɗaya. Dukansu suka zauna daram!

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, kai roƙonsu kake yi. Ba mu su, za su yi amfani a bariki."

Na ce, "Ɗana, na ladabtar da aji cike da yara ba tare da bindiga ba. Ba zan bayar ba."

Na ba tsohuwar haƙuri, na naɗe igiyar a hannu. Muka yi ta wucewa ta gaban tunkiyar har rana ta take. A ƙarshe Jatau ya zauna da busata. Duna kuwa sai da ya dubi sojan tukuna.