Kurciyar da ta hana mu kunna mukayyif

Bayan an rushe unguwarmu ta Nakkasa a Makka, muka kama ɗaki biyu a saman wani tsohon gida a Tandabawi, ni da matata da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ni ba mai ilimi ba ne, dakon kayan alhazai nake yi a tashar Kudai. Amma a gidan nan na kamu da son tsuntsaye. In na dawo sallar asuba sai in hau rufi da wayata in zauna. Lokacin da sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, wanda Larabawa ke kira rabi'i, baƙi sukan ratso: tsattsewa, wani lokaci har alhudahuda ya sauka yana buɗe tukkunsa. Hotunana yawanci wutsiya ce ko sararin sama. Matata kan ce, "Maigida, wannan tsuntsu ne ko ƙuda?"

Wata shekara wata kurciya ta tara 'yan tsinkaye a kan ƙarfen mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗakin da ke maƙale a taga, ta kwanta. Inna ta leƙa, ta ce shi ke nan, ba mai kunna shi. Duk wanda ke zaune a Makka ya san cewa cikin iyakar Harami ba a farautar tsuntsu, ba a ma firgita shi. Muka koma mafici, muna zufa muna dariya. Inna ta raɗa mata suna Baƙuwar Allah.

Ni na san hukuncin nan sarai. Sai dai zuciya ba ta da ƙashi. Ina son hoton ƙwan, ita kuma kurciyar ba ta tashi in ina gida. Ran nan da hantsi na buɗe tagar a hankali, muka haɗa ido, idonta baƙi ƙirin kamar ɗan dutsen ado. Na ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa. Fir, ta tashi. Ƙwai biyu farare, na ɗauki hotonsu, ya fito tas, irin wanda ban taɓa samu ba.

Ina juyowa na ga Inna a bakin ƙofa da carbinta.

"Kai, ɗan nan! Da furfura a gemunka? Kai ma fa baƙo ne a garin nan. Da aka tashe mu daga Nakkasa daɗi ka ji?"

Kurciya ta koma kan wayar lantarki tana kallonmu, rana kuwa tana hawowa kan ƙarfen. In ta yi tsaka babu uwar, ƙwan sun dahu. Na ɗauko kwali zan yi musu inuwa.

"Ajiye," in ji Inna. "Hannunka ya yi abin da zai yi. Saki labulen, ka matsa can."

Ranar ban je Kudai ba. Na zauna a ƙasa nesa da taga ina istigfari, ina kasa kunne. Matata ta kawo shayi, ta ce a hankali, "Sarkin hoto, yau kuma zaman makoki ake?" Ban iya dariya ba. Gab da kiran azahar muka ji ƙarar fiffike, sannan 'yan ƙafafu suna takawa a kan ƙarfe. Inna ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ta fi ka haƙuri."

Ƙwai biyun duk sun ƙyanƙyashe. Hoton 'ya'yan guda ɗaya nake da shi, ta bayan labule na ɗauka, dishi-dishi, sai na nuna da yatsa ake gane baki ne. Shi nake nuna wa abokaina a tasha. Na ƙwan yana nan, ban goge ba, ban kuma taɓa nuna wa kowa ba.

Ranar da suka tashi, Inna ce ta fara magana: "To, baƙi sun tafi. Kunna mana abin nan kafin in narke."