Rashida Tela da Masu Gudun Yawu

Rashida tela ce a Unguwar Kanawa. A aji huɗu na firamare karatunta ya tsaya, shi ya sa ta tashi tana yi wa duk mai digiri kallon wanda ya san komai. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ɗinka wa wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi kayan ɗalibai, har ta fi iyayen sanin faɗin kafaɗar 'ya'yansu. Da autarta Zahra'u ta isa shiga sakandare, can ta kai ta, tana murnar yarinya za ta tashi cikin wayayyu.

Zahra'u na da farfaɗiya, tana shan magani, kuma Rashida ba ta ɓoye wa makarantar ba. Wata Litinin ana layin safe ciwon ya kayar da ita. Wanda ya fara cika wandonsa da iska malamin kimiyya ne, yana gudu yana ihun kada kowa ya taɓa yawunta. Malamai bakwai suka yi cirko-cirko daga nesa, yarinya na buga kai da siminti. Wata tsohuwa mai shara ce ta naɗe mayafinta ta tara mata a kai, ta juya ta gefe.

Washegari shugabar makarantar, Hajiya Nafisat, ta kira Rashida ofis. Bangon ofishin cike yake da takardun shaidar karatu cikin gilashi.

"Maman Zahra'u, kin san ke tamu ce," in ji Hajiya. "Amma iyaye sun dame mu da waya, suna tsoron 'ya'yansu su ɗauka."

"Hajiya, ke ma kin yarda ana ɗauka?"

Hajiya ta gyara tabarau. "To, Allah ne masani. Rigakafi dai ya fi magani."

Rashida ta bi takardun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ita da ko wasiƙa ba ta iya rubutawa, sau ɗaya likita ya yi mata bayanin ba a ɗaukar farfaɗiya ta gane.

"Ashe bangon ne ya yi karatun," ta ce. Ta leƙa aji ta ja hannun 'yarta suka fita.

Mijinta ya so a koma a ba da haƙuri, ta ce sai dai ya je shi kaɗai. Makarantar gwamnati ta mayar da Zahra'u, inda ake cusa yara tamanin a aji. Malamar ajin ta tambayi Rashida abin da ake yi in ciwon ya tashi, ta rubuta a allo, ɗalibai suka kwafa. Sau biyu Zahra'u ta faɗi a can, ƙawayenta suka riƙe ta. Bana tana aji biyar.

Hajiya ta aiko da bandir na yadi sau biyu, Rashida ta mayar a Keke Napep ɗin da ya kawo shi. Yanzu wani tela a Kawo ke yi musu ɗinkin. An ce hannun riga ɗaya yakan fi ɗaya tsawo.