Alif ɗin da Ya Ƙi Narkewa

Ranar wata Alhamis ce cikin bazarar shekarar fari, ta saba'in da uku, na shigo gida da tulu a ka, ruwan ciki ja wur kamar kunun kanwa. Na tarar da Inna durƙushe gaban dutsen niƙa, ta ɗaga ɗan dutsen da hannu biyu. Kafin in sauke tulun na ji ƙas. Sai na hango abin da take bugu. Ita a wurinta alif take fasawa, wanda ake jefawa a randa laka ta kwanta. Ni kuwa, da shekarata tara, na san gonarmu ce take farfasawa.

A ƙauyenmu na gefen Makoɗa gonaki a manne suke da juna, daga dangar wani sai kunyar geron wani. Waccan shekarar gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga ba ya ɗebo komai sai taɓo, mu yara mu yini a bakinta muna jiran ta tsatso. Don kada jira ya kashe mu sai mu baje a ƙasa mu yi ta carafke, har na zama gwanar zaɓen tsakuwa. Alif kuwa ya zama kayan gabas, wadda take da ɗan gutsure sai ta ƙulle shi a bakin zane. Na Inna ya daɗe da ƙarewa.

Baba ya tafi cin rani haƙar ma'adinin kuza a duwatsun kudancin Kano. Iyayen wasu sun dawo da garin kwaki, shi ya dawo a rame, da ƙullin tsumma a aljihu. Ni ya kira bayan rumbunmu da ba komai a ciki ya kwance mini, don ya san ni da son duwatsu. Dutse ne a ciki, ban taɓa ganin irinsa ba. Tsawonsa ya kai babban yatsan Baba, garau kamar ruwan sama, da ɗan shuɗi-shuɗi a ciki. Gefunansa a miƙe, da siraran zane daga sama zuwa ƙasa kamar an ja da allura, kansa kuma a fiƙe ta kowane ɓangare, ka ce wani ne ya zauna ya sassaƙa. Ya fi girmansa nauyi, ga sanyi a tafin hannu duk da zafin bazara. Baba ya goga masa wuƙa, ko gezau. Ya ja shi a jikin kwalba, sai ga kwalba da tsaga. Ya ce, "Ƙarfe ba ya cin sa, wuta ba ta narka shi. Akwai masu sayensa a birni. In Allah ya yarda gonar bayan gida ba za ta tafi jingina ba. Ki kame bakinki."

Gonar bayan gida ita ce idonmu, ita take shan takin awaki da tokar murhu tun zamanin kakanni. Alhaji Mamman, mai sayar da hatsi a garinmu, ya yarda ya ba mu dawa ya riƙe ta, aka sa Alhamis za a zo a yi magana.

Gidanmu gidan kunya ne, har ta yi mana yawa. Inna ba ta faɗin sunan Baba, ba ta yi masa tambaya a gaban Iya, mahaifiyarsa. Ni kuma 'yar fari ce, don haka ko sunana ba ta kamawa, in za ta aike ni bango take kallo ta ce, "A ɗauko tulu." Iya takan tsokane ni ta ce 'yar fari ta girma da fari. Shi kuma Baba nauyin dawowa hannu biyu ya hana shi zama ya yi bayani. A gaban Iya ya miƙa wa Inna ƙullin ya ce, "Ga wannan, a adana." Ta buɗe a ɗaka ta ga abu garau mai ƙyalli, sai ta ɗauka tsaraba ce, mijinta ya tuna da wahalar ruwanta har daga can. Na ga tana murmushi ita kaɗai a ranar, ban san dalili ba.

To da baƙi suka cika zaure ranar Alhamis, ga Alhaji Mamman, ga liman, ga dattawa biyu, Inna ta ga ba za ta aika wa manya jan ruwa ba alhali da alif a ɗaka. Abin da wuƙa ta kasa, bugun ɗan dutse ya yi. Bai dagargaje kamar alif ba, yankewa ya yi ta tsakiya, falle-falle, kowane da fuska sumul kamar madubi. Ta jefa guda a randa, ta dama ruwan, ta jira. Ruwa yana nan ja. Ta tsamo ta ɗanɗana, babu bauri ko kaɗan. Tana tsaye tana juya shi a hannu sai muryar Baba daga zaure, wai in kawo ƙullin nan.

Na tattara gutsattsarin a faifai. Daga tsakar gida zuwa zaure ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Na durƙusa na ajiye. Guda ɗaya har da laka a jikinsa. Baba ya dube su, ya dubi ƙofar cikin gida. Alhaji Mamman ya ce, "Malam Sule, wannan ne abin da ka ce za ka nuna mana?"

Baba ya ce, "Alif ne na sayo wa iyali, Alhaji. Da ma so nake ku gani ko mai kyau ne. Ga shi an gwada, ya ƙi narkewa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya fashe da dariya, liman ya sunkuyar da kai. Aka sha jan ruwa, aka yi maganar jingina, aka shafa fatiha.

Kafin Juma'a labari ya zaga gari, wai Sule ya yi rani guda a ramin kuza ya ƙare da sayen tsakuwa a matsayin alif. A bakin rijiya mata su ce in ara musu namu. A filin makaranta yara suka yi mini waƙa, "Alif na Sule, a jiƙa a jira." Na daina carafke, don duk tsakuwar da na ɗauka sai an tambaye ni ko za ta narke. Kunya ta ishe ni har nakan zagaya ta bayan gari don kada a gan ni tare da Baba. Ga gaskiya a bakina, na san ubana ba wawa ba ne, amma in na wanke shi Inna ce za ta shiga bakin duniya. Baba ya kai gutsattsarin birni daga baya, aka ce duk sun tsage ta ciki, abin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Gonar ba ta dawo ba. Damina bayan damina ina kallon geron wani yana leƙo mana ta danga.

Ɗana na biyu, da ya karanci ilimin duwatsu, ya ce sunan dutsen nan tofas. Wai jinsin yashi ne da alminiyam da wani sinadari irin wanda ake sa wa man goge baki, kuma duk taurinsa yana da hanya guda a kwance wadda in bugu ya dace da ita sai ya rabe. Har ya ce shi ma alif akwai alminiyam a cikinsa. Na ce to ashe Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba, dangi ta haɗa.

Falle guda da ya gani a hannuna Inna ce ta ba ni, bayan rasuwar Baba, daga ƙasan kwallarta. Duk tsawon shekarun na ɗauka ta yarda da maganar alif. Ta kalli bango yadda ta saba, ta ce, "Tun da na ɗanɗana na sani. Shi ya rufa mini asiri a gaban maza. In na nuna na gane, na ɓata masa abin da ya saya da mutuncinsa."

Yanzu akwai famfon burtsatse a bakin masallaci, jikokina ba su san alif ba, kuma matan yau sukan tambayi mazansu ko mene ne a ƙulli, abin da na ga ya fi. Duk da haka nakan ɗauko fallen nan in riƙe, sanyinsa yana nan kamar ranar da Baba ya ɗora mini shi a tafin hannu. Kunyar da ta rage mini guda ce, ta zagayen da na riƙa yi ta bayan gari. Da zan sake samun Baba ko na yini guda ne, ta tsakiyar kasuwa zan bi da shi.